Awon da mutum ya yi wa kansa

Ka tambaye ni wai in kwastoma yana nesa, ya ce zai auna kansa ya turo lambobi ta waya, kuma kayan da yake so masu kama jiki ne, me za ka gaya masa, in kuma na kanti zai saya wace lamba zai ɗauka. To yaro, ajiye wannan wayar tukuna ka dube ni, don ba zan maimaita ba.

Kaya masu yalwa suna rufa wa tela asiri. Ka yi kuskuren inci guda, ba mai gani. Amma kwat, ko rigar da ta bi jiki, ko wando tsukakke, rabin inci ma sai ya tona ka. Kuma wannan tambayar taka ta fama mini wani ciwo da har yau bai warke ba.

Wani mutum ne, babba, mai cika ido, wanda na taɓa yi wa ɗinki da daɗewa. Ya aiko mini da yadin ulu mai nauyi, yadi uku da rabi, ya ce kwat da wando yake so, su zauna masa cif a jiki. Na ce ya zo in ɗauki awo, ya ce yana kan tafiya, amma ya auna kansa: ƙirji 38, ƙugu 32. Na yi shiru. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma na san mutumin nan da tumbinsa. Na ce ranka ya daɗe, anya kuwa? Ya ce ai ya yi jinya, ya rame, in na gan shi ma ba zan gane shi ba. Har jaje na yi masa, ka ji! Na maimaita lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya ce haka ne, in yanka.

Na yanka. Na zauna a kan kwat ɗin nan kamar nawa, na yi masa shafi, kafaɗa da kwala duk da hannu na ɗaure su, gidan maɓalli ma ban bar wa keke ba. Ranar karɓa sai ga shi ya shigo da tumbinsa kamar yadda na san shi, ko gezau. Hannu ɗaya ya shiga, ɗayan ya ƙi. Wando ya tsaya a cinya. Nan take ya ɗaga murya a gaban yarana da mutanen da ke jira, ya ce shi 43 da 38 ya gaya mini, ni ne na rage don in ci yadinsa. Ni! Ni da ko ƙyalle ya ragu sai na naɗe shi na sa a leda na mayar wa mai shi. A baki muka yi magana, ba rubutu, ba shaida. Aka taru aka ba ni haƙuri, aka ce babban mutum ba zai yi ƙarya don yadi ba. Ƙarshenta ni na sayi wani yadin irinsa daga aljihuna, na sake ɗinki daga farko, kuɗin aiki sau ɗaya kawai ya biya. Na farkon kuma ya ce ai yadinsa ne, ya naɗe ya tafi da shi.

Bayan wani lokaci na ga ƙaninsa, siririn saurayi, sanye da kwat ɗin nan. Ya zauna masa kamar a jikinsa aka saƙa. Ai tela ba ya ɓatan ɗinkinsa, tun daga nesa na gane kwalata. Ashe tun farko awon ƙanin ya karanto mini, don ya samu biyu a kuɗin ɗaya. Ba yadin ne ya fi ƙona mini rai ba. Kalmar ɓarawo ce, a gaban yaran da nake koya wa sana'a. Wallahi ban yafe wannan ba.

Saboda haka duk wanda zai turo awo, a rubuce zai turo, da hotonsa a tsaye, da hoton tef ɗin zagaye da jikinsa lambar na fitowa. In ya ƙi, kai ma ka ƙi aikin. Ku yaran yanzu ba ku iya cewa a'a ba, da kun ji kafin alƙalami ya shigo sai hannu ya kai ga almakashi.

Ba kowa ne macuci ba, na sani. Yawanci kansu suke yaudara. Mutum zai tsaya gaban madubi ya shanye ciki, ya banƙaro ƙirji, ya ja tef har ya nutse cikin nama, sannan ya karanto lambar da ransa ke so. Ka ce masa ya tsaya yadda yake tsayuwa kullum, ƙafafu a haɗe, da singileti kawai, ya saki numfashi sannan ya karanta. Tef ya kwanta a fata amma kada ya shiga. Ya lura da baya, domin in mutum ya ɗaga hannu yana zagaya tef da kansa, ƙirji buɗewa yake, tef kuma ya zame ƙasa ta baya, awo ya karkace. Ƙugu na gaskiya ba inda ake ɗaura bel ba ne, ya karkata gefe, inda jiki ya lanƙwashe nan ne. In kuwa a ƙasan cibiya yake sa wando, ya auna nan ɗin ma ya faɗa maka. Na mazaunai a inda suka fi tudu ake ɗauka. Ya kuma zauna a kujera ya sake auna ciki, don ciki yakan ƙaru in an zauna, kuma ba a tsaye zai wuni ba. Faɗin kafaɗa da tsawon baya kuwa ba mai iya auna wa kansa, ya nemi wani. Na wuya da tsawon hannu ba zan ɓata bakina ba, in har yanzu ba ka sani ba to zaman banza kake yi a nan.

Ka tambaye shi wace fuskar tef ya karanta. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, wanda ya ce maka ƙirjinsa 100 santimita yake nufi, inci 39 ne da ɗan kai. Tsohon tef na ƙyalle kuma miƙewa yake, sai ya ba ka lamba ƙasa da gaskiya, kaya su fito a matse. A ɗora shi kan rula a gani.

Ga inda kuke faɗuwa: awon jiki daban, awon riga daban. In ya ce 40, jikinsa ya auna, ko rigarsa ya shimfiɗa ya auna daga hammata zuwa hammata ya ninka biyu? Yadin da ba ya miƙewa dole a bar masa sarari ko da kayan masu kama jiki ne: kamar inci 2 zuwa 3 a ƙirjin riga, wajen 4 a kwat tunda a kan riga ake sa shi, inci 1 a ƙugu, 2 a mazaunai. In kun ƙara sarari a kan awon da riga ce aka auna, buhu za ku ɗinka. Ga kuma auduga da ke tsukewa a wankin farko, in ta ja kashi 5 cikin 100, inci 2 ke nan sun tafi daga 40. A jiƙa ta kafin a yanka.

Yadi mai roba labarinsa daban. Tun da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro zaren nan a 1958, wanda ake sayarwa da sunan Lycra, kayan motsa jiki da na ciki ƙasa da awon jiki ake yanka su, jiki ne ke buɗa su. Amma ba duk mai roba ne ɗaya ba. Ka kama santimita 10 ka ja a kan rula. In a 12 ya tsaya, kada ka yarda da shi sosai. In ya kai 15 kuma ya koma yadda yake da ka saki, ka iya ragewa. Wanda ba ya komawa, gwiwa da gwiwar hannu za su yi masa jaka.

Na kanti kuwa, ka ce masa kada ya dogara da harafin M ko L, kowane kamfani da nasa. Kwat lamba 40 a Ingila shi ne 50 a Italiya, rigar mata 12 a Ingila ita ce 8 a Amurka. Wando ma sau da yawa a rubuta 34, ka ɗora tef ka ga ya haura, don masana'antu sun san mutane na son ƙaramar lamba. Ya duba jadawalin awon kamfanin da kansa ya gwada da na jikinsa. In ya faɗa tsakanin lamba biyu kuma yadin ba ya miƙewa, ya ɗauki babbar. A sama kafaɗa zai bi, a ƙasa mazaunai da cinya. Rage ƙugu aikin ɗan lokaci ne, amma kafaɗar kwat in ta ƙi sai an kusa farke shi duka. Saki kuwa sai da abin saki, mu mukan bar santimita ɗaya da rabi a bakin ɗinki, na kanti sau da yawa ko haka ba sa bari. In ya sayi ƙarama ya kawo maka ka buɗa, ka juya cikinta ka nuna masa da idonsa kafin ka karɓa.