Amsa ga mai tambayar yashin da zai zuba a tankin murjani

Salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce ka haɗa tankin ruwan gishiri mai tsawon santimita 90 da faɗin 45, murjani kake so ka sa da kifi kaɗan, kana neman yashi mai kyau wanda ba zai cinye maka aljihu ba, kuma wani ya ce maka dole sai mai rai wato wanda ake sayarwa a jiƙe cikin leda. Toh ni dai shawarata ka sayi busasshen aragonait, wato yashin teku mai sinadarin kalsiyam irin na ƙashin murjani, mai matsakaicin ƙwaya, milimita 1 zuwa 2, ka wanke shi da kyau ka zuba kaɗan. Shi nake amfani da shi tun da na fara harkar nan kuma ban ga dalilin canzawa ba.

Maganar mai rai ɗin nan, wato mai ɗauke da bakteriya masu tsabtace ruwan tanki, irin su Arag-Alive na kamfanin CaribSea, kaya ne mai kyau ba wai ina kushe shi ba, amma ka tuna mu daga waje ake kawo mana kuma kuɗin dako da kilo ake lissafa shi, ledar nan kuwa da ruwa a cikinta, kaga kenan ruwa kake biya wa kuɗin jirgi. Sannan kayan da ya daɗe a hanya ya zo ya zauna a sito cikin zafin nan namu, wa zai rantse maka cewa bakteriyar ciki tana nan yadda aka zuba ta? Busasshen ma da kansa zai zama mai rai cikin 'yan makonni in dai akwai dutse mai rai, wato wanda bakteriyar ta riga ta zauna a jikinsa, a tankin, ko ka sayi ƙaramar kwalbar bakteriya, ko ka roƙi kofi ɗaya na yashi a wajen wanda tankinsa ya daɗe kuma ka tabbatar babu cuta a ciki.

Girman ƙwaya shi ne inda mutane suka fi yin asarar kuɗi. Mai laushi sosai ɗin nan, Oolite, a hoto ya fi kowanne kyau, fari fat, amma murjani yana son ruwa mai motsi, da ka kunna famfon igiyar ruwa sai yashin ya tashi, ka wayi gari ka tarar gaban tankin gilashi ne tsirara, yashin duk ya taru a kusurwa ɗaya, wani kuma ya sauka kan murjanin ya sa shi ya ƙi buɗewa. Mai manyan ƙwaya kuma, dakakken murjani, ba ya tashi amma ragowar abinci da kashin kifi suna shigewa tsakaninsa su ruɓe, naitret, sinadarin da dattin ke komawa a ruwa, ya hau, gansakuka ta samu abinci. Na tsakiyar shi ne wanda CaribSea ke kira Special Grade, milimita 1 zuwa 2, yana zama inda ka ajiye shi. Akwai Fiji Pink ma, 0.5 zuwa 1.5, ya ɗan fi laushi, in motsin ruwanka ba mai ƙarfi ba ne ya yi, musamman in kana sha'awar kifin da ke harka da yashi. Ina da wani kifi da ake kira ras (wrasse), da an kashe fitila zai yi 'yan zagaye sai ya soka kai cikin yashi ya ɓace ɗungurungum sai da safe, irin wannan in ka ba shi tsakuwa mai kaifi jikinsa zai kuje. Kifin gobi (goby) kuma cika baki yake da yashi ya tace ya fitar ta gefen kai, wuni yake yana wannan aikin, shi ya sa saman yashina kullum fes.

Kar ka sayi da yawa. Kaurin santimita 3 ya ishe ka, lissafin kuwa 90 sau 45 sau 3 ya ba ka lita 12 da ɗoriya, lita ɗaya ta yashin nan tana kai kilo ɗaya da rabi ko ƙasa kaɗan, wato wajen kilo 17 zuwa 18, leda biyu kenan masu nauyin fam 20 tunda kowace kilo 9 ce. Masu zuba mai zurfi santimita 10 zuwa 15 suna da hujjarsu ta rage naitret, amma ƙasan ba iskar oksijin, in aka tone shi bisa kuskure warin ruɓaɓɓen ƙwai ne zai bugo ka kuma gubar tana kashe kifi, ga mu da ɗauke wuta famfo ya tsaya. Ba na mafari ba ne gaskiya.

Yashin gini ko na rafi ko wanda za ka ɗebo a bakin teku a Legas, na san kyauta ne amma bar shi, yawancinsa silika ne kuma ba ka san me ya gauraya da shi ba, ƙarfe ne ko mai ne ko dattin gari, murjani kuwa ɗan tagulla kaɗan ya ishe shi mutuwa. In mai shago ya auno maka a buhu ba tambari ya ce aragonait ne, ɗebi kaɗan a murfin kwalba ka ɗiga ruwan khal, na gaske zai yi kumfa yana tsiii, silika ko motsi ba zai yi ba. Baƙin yashi ma ka yi hattara, wasu suna da ɓurɓushin da mayen ƙarfe ke kamawa, na ga tankin wani abokina da maganaɗisun goge gilashi ya kwaso ƙwaya ya ja wa gilashin layi tun daga sama har ƙasa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Yashin da wani ya kwashe daga tsohon tanki shi ma arha ce mai tsada, datti da fosfet na shekaru ne a ciki. Sannan kar a ƙara maka kuɗi da zancen wai wani yashi zai riƙe maka kalsiyam da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a pH 8.1 zuwa 8.3 da ruwan tanki yake zama aragonait ba ya wani narkewa sosai, dole dai ka riƙa gwaji kana ƙarawa da kanka.

Wanki kuwa sai haƙuri. Zuba kashi ɗaya cikin uku na bokiti, tura tiyo har ƙasa, kana juyawa da hannu ruwan yana malala, da farko kamar koko zai fito, kar ka gaji sai ka iya hango yashin ta cikin ruwan, ɗaurayar ƙarshe ka yi da ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace ta cire ma'adanan cikinsa. Duwatsu su fara zama kan gilashi kafin yashi, in ba haka ba kifi mai tono ya tone ƙarƙashi dutse ya rufto. Wajen cika ruwa ɗora faranti ka zuba a kansa a hankali. Bayan sati biyu ko uku za ka ga wani abu kamar ƙura mai launin ƙasa-ƙasa ya rufe saman yashin, kar ka tsorata ka ce an cuce ka, kusan kowane sabon tanki yana yin haka kuma yana wucewa, dodon koɗi irin su nasariyus da serit in ka samu ka sa kaɗan su riƙa juya maka shi. Ka faɗo mana irin famfon da ka saya da kifin da kake son sawa, a nan za a san ko Special Grade ne ko Fiji Pink. Allah ya sa albarka.