Ga ƙanena mai zane: "duk abin da ka bayar" ce ta kusa kashe ni

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na dawo daga sallar asuba kafin in amsa, don ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ka ce shekara uku ke nan kana zane da zayyana a nan Sakkwato, duk wanda ya gani sai ya ce tabarakallah, amma ko kuɗin fenti ba ka mayarwa, ga Baba ya fara cewa ko ka nemi aikin albashi ko ka karɓi babur ka shiga kabu-kabu. Kana tambaya ko ka ajiye alƙalami.

Ba zan ce maka "ka yi haƙuri" in tsaya nan ba, na san an faɗa maka ita har ta gundure ka. Ni shekarata goma sha bakwai cikin wannan sana'a. Allon sauka nake yi, da zayyana a takarda da fata, da allon shago in ta kama. Fiye da rabin shekarun nan cikin bashi na yi su, kuma ba rashin aiki ya jefa ni ba. Aiki har ya yi mini yawa. Magana ɗaya ce: in an tambaye ni nawa ne, sai in sunkuyar da kai in ce, "Haba Alhaji, duk abin da ka bayar."

Gadonta muka yi. A ƙasar nan mai fasaha da ubangida aka san shi. Makaɗin fada ba ya yanka wa waƙarsa farashi. Narambaɗa bai yi ciniki da Sarkin Gobir na Isa ba, kuma bai buƙaci yi ba, domin a wancan tsari ubangida shi ke da riga da doki da hatsi, shi ke da auren 'ya'yanka da sunan jikokinka. Malamin da ya zayyana allo shi ma sadaka ake kai masa, amma gari duka ya san haƙƙinsa, da kaka ana kai masa dame. To mu sai muka riƙe kunyar, alhali ubangidan da ke ɗauke nauyin ya daɗe da tafiya. Wanda ya rage yau zai yabe ka a gaban mutane, a ɗauke ku hoto, ya ba ka tukuici. Mai gilashi kuwa ba ya karɓar tukuici, kuɗinsa yake so cif.

Gab da zaɓen 2019 wani babban mutum ya aiko yaronsa, yana son firem arba'in na Ayatul Kursiyyu, zai raba wa hakimai da malamai. Daren nan ban yi barci ba don murna. Ban tambayi ko sisi ba, ina ganin ai raini ne a tambayi irinsa. Na ranto dubu ɗari da sittin wurin yayan matata, na karɓi katako da gilashi bashi, na yi sati shida ina aiki har idona ya fara ruwa. Ranar da na kai, an shimfiɗa su a falo, ana ta salati. Aka miƙo mini ambulan, dubu talatin, wai in sha ruwa, saura bayan zaɓe. Bayan zaɓe sau goma sha ɗaya na je ƙofar gidan. Ina zaune gindin dogon yaro tare da 'yan maula, mai gadi ba ya bambanta ni da su, kuma in don gaskiya ba shi da laifi, don ni ma ba ni da wata takarda da ta bambanta ni. Ƙarshe babur ɗina na sayar na biya yayan matata. Har yau in mun haɗu wurin suna gaisuwarmu gajera ce.

Wanda ya buɗe mini ido wani tsohon baduku ne a Shiyar Maɗunka, inda nake sayen fata. Na zauna ina ba shi labari ina jiran ya tausaya mini, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi daga ɗinkinsa ba. Sai ya ce, "Kai yaro, mi kaka yi haka? Ni wanda yaz zo shina son takalmi, ba ni taɓa wuƙa sai ya aje kuɗin hwata. In yat tahi bai dawo ba, hwatatai ta, ba tawa ba." Bai ƙara ba.

Ka dubi fatar nan da yake magana a kai. Jar akuyarmu ce, a jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi. Ɗaruruwan shekaru fatake na ketare Sahara da ita, har ta kai ƙasashen Turai, can kuwa sunan da suka san ta da shi fatar Maroko, don daga hannun mutanen Maroko suka saya. Mu muka yi kiwo, mu muka jeme, suna ya tafi ga wanda ya iya sayarwa. Yi daban, sayarwa daban, sana'a biyu ce. Ka ƙware a ta farko, na gani a hotunan da ka sa, hannunka ya fi nawa lokacin ina shekarunka. Ta biyun ce ba ka fara koyo ba.

Abin da na fara yi littafi na saya, irin na 'yan firamare. Kowane aiki shafinsa: takarda ko fata nawa, tawada da fenti nawa, katako, gilashi, kuɗin mota, katin waya. Sannan kwana nawa ya ci. Nan ne muke cutar kanmu, ba ma lissafa kwanakinmu, kamar lokacinmu ruwan gulbi ne. Ka je inda ake gini ka tambayi nawa ake biyan birkila a yini, nawa ake biyan lebura. Kada ka biya kanka ƙasa da lebura, ka kama hanyar zuwa na birkila. Ranar da na fara wannan lissafi na gano allon saukar da nake karɓar dubu biyar a kansa yana cin kwana huɗu da kayan dubu uku. Ke nan naira ɗari biyar nake aiki a yini, ina kuma godiya har ƙasa.

Daga nan sai kafin alƙalami. Kalmar ma tamu ce, ba aro muka yi ba, sunanta ya faɗi aikinta. Ni kashi biyu cikin uku nake karɓa kafin in auna takarda, sauran ranar ɗauka, kuma aiki ba ya fita ɗakina sai an cika. Duk abin da muka yi magana da baki ina sake rubuta shi a WhatsApp in tura wa mutum: girma kaza, launi kaza, kuɗi kaza, ranar kaza, gyara sau ɗaya kyauta, na biyu da kuɗinsa. Za ka haɗu da masu cewa, "Ashe ba ka yarda da ni ba?" Ina da amsa ɗaya da ba ta taɓa ba ni kunya ba: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A garin Shehu ba wanda zai ja da kai a nan. Sai ka ga ya yi dariya ya ce ka zama malami, ya ciro waya ya tura.

Kada in ɓoye maka, da na fara haka kusan rabin masu zuwa wurina sun ɗauke ƙafa. Wata uku na yi ina zaton na kashe kasuwata da hannuna. Da na duba littafi sai na ga waɗanda suka tafi su ne dama ba su taɓa biya cikakke ba. Aiki ya ragu, kuɗi ya ƙaru, na samu barci.

'Yan uwa da abokai kuwa, wannan sai ka yi dabara, don ba za ka ce wa gwaggonka kafin alƙalami ba. Ni na yanke wa kaina kyauta biyu a shekara, ni ke zaɓen wanda zan yi wa, in yi ta da zuciya ɗaya. Saura in ce, "Gwaggo, hannu kyauta ne, amma mai katako ba ɗanki ba ne." Ana dariya ana biyan kuɗin kaya.

Sai raba uwa da riba. Kuɗin da ya shigo ba naka ba ne duka, akwai na takardar gobe a ciki. Shekaru na yi ina cin uwar kuɗi da sunan cefane, kowane sabon aiki sai na nemi rance kafin in fara. Yanzu asusu biyu gare ni, ɗaya na aiki ɗaya na gida, kuma ranar Alhamis kawai nake ɗiba daga na aiki, adadi ɗaya, ko an samu da yawa ko kaɗan. Na kuma yi wa sana'ar rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, saboda makarantu da ofisoshi sun fi sakin jiki su tura kuɗi asusun da ke da sunan sana'a. Manhajojin bashin nan na waya kuwa, ka guje su kamar wuta. Ban da ruwan da ke ciki, in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika saƙon tozarci, har surukanka. Adashi da mutanen da ka sani ya fi maka, ka roƙi a sa kwasarka ta faɗo farkon Rajab, lokacin sayen kaya.

Na ce Rajab don sana'armu tana da kaka tana da rani. Kafin azumi ake ruguguwar aure da saukar karatu, nan ne allo da firem ɗin sunan ango da amarya ke tafiya. Sai lokacin da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Shehu Shagari ke gamawa, kowa na son abin da zai ba malaminsa, da masu yi wa ƙasa hidima da ke son tsarabar Sakkwato su kai gida. Da damina ta kankama kuɗin mutane na gona, sai ka yi sati ba wanda ya leƙo. Wanda ya cinye na Sha'aban a Sha'aban, shi ke sayar da waya a watan Agusta.

Shekarar 2023 ita ta gwada kowa. Farkonta canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace. Ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, kaya suka riƙa tashi kusan kowane mako, har na koma rubuta wa mutum cewa farashin nan na kwana bakwai ne. Sai ga juyin mulkin Nijar a watan Yuli, aka rufe iyaka, mutanen Ƙonni da ke biyowa ta Illela suna sarin allunana suka yanke, sai cikin Maris na 2024 aka buɗe daga ɓangarenmu. Abin da ya riƙe gidana a watannin nan ba manyan ayyukan da nake alfahari da su ba ne. Ƙanana ne: sunan jariri a ɗan kwali, allon mai shayi, rubutu a jikin motar makaranta. Da kuma zayyana guda da na zauna na yi da kyau, na kai aka buga mini kwafi hamsin, ina sayarwa da araha, asalin kuma yana nan da tsadarsa. Ni aikin tuwo nake kiran su. Da ina raina su, ina ganin zubar da girma ne, alhali su ke saya mini kwanakin da nake zama in yi aikin da raina ke so ba mai matsa mini.

Na lura yawancin abin da ka sa hotunan fuskokin mutane ne. Ba zan shiga fatawa ba, ba fagena ba ne, amma a matsayin ciniki ka sani gidaje da yawa a garin nan ba za su rataya hoton mai rai a bango ba. Kasuwarsa ƙarama ce a nan, ta fi faɗi a Abuja da Kaduna da Legas, kuma waya na kai ka can, mota na kai kaya daga tasha. Zayyana kuwa ba gidan da ba ta shiga.

Maganar Baba, kada ka ja da shi. Ba fasaharka yake ƙi ba, tsoro yake ji kada ka kai talatin kana karɓar kuɗin sabulu a hannunsa. Ni shekara huɗu na yi ina koyarwa a wata makarantar kuɗi da safe, in yi zane da yamma, kuma ban ga ta rage ni da komai ba. In babur ɗin ne ya samu, ka karɓa, ka yi aikinka daga asuba zuwa hantsi kafin rana ta buɗe, don ka san zafin Afrilu a garin nan fenti a kan buroshi yake bushewa, sannan ka fita nema. Ka roƙe shi wata shida. Ka riƙe littafi, ka faɗi kuɗinka da bakinka, ka karɓi kafin alƙalami, ranar da wata shida suka cika ka ajiye littafin a gabansa ku duba tare. Dattijo ba ya musu da lissafi. Kafin nan, ka ɗauki ayyuka uku na ƙarshe da ka yi, ka lissafa su yadda na faɗa, ka turo mini in gani nawa ka biya kanka a yini.

Af, na manta. Mutumin nan na 2019 ya sake aiko yaronsa gab da zaɓen 2023, wannan karon firem sittin. Na ba shi kujera, na ba shi ruwa, na rubuta masa kuɗi da kafin alƙalami, na ƙara da tsohon bashi a ƙasa. Ya dubi takardar ya ce, "Alhaji ba a yi mashi haka." Na ce to a gaishe shi. Bayan 'yan watanni na ga ɗaya daga cikin firem ɗin a zauren wani hakimi, hannun wani yaro ne, aikin kuwa ya yi kyau ƙwarai. Ina fata dai ba kai ba ne.