Tambaya da Amsa: Ko Hukumar Raya Arewa Maso Yamma Za Ta Kawo Mana Sauyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na jihar Zamfara, inda ɗalibaina suke ɗaukar darasi a zaune a ƙasa, rijiyar burtsatsen garinmu kuma ta lalace tun bara. Na ji an kafa Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Yamma, shi ya sa nake neman bayani: daga ina kuɗin raya yankuna masu ƙaramin ƙarfi yake fitowa, kuma ko wannan hukuma za ta sauya halin da muke ciki? Daga wani mai karatu a Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka maka da alheri bisa haƙurin da kake yi da yaran al'umma a cikin wannan yanayi.

Babbar hanyar da kuɗin gwamnati yake bi ya iso yankinku ita ce asusun tarayya, wanda ake rabawa a Abuja kowane wata. Bayan an ware wa jihohi masu arzikin mai kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da aka samu daga albarkatunsu, kamar yadda Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanada, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60. Wajen raba kason jihohi, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa da yanayinta, da ci gaban zamantakewa, da ƙoƙarin jiha na tara harajinta. Ka lura cewa babu inda aka sanya tsananin talauci a matsayin ma'auni mai zaman kansa, alhali rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna cewa cikin 'yan Najeriya miliyan 133 da ke fama da talauci ta fuskoki da dama, wato ilimi da lafiya da tsaro da yanayin zama, kimanin miliyan 86 a Arewa suke, kuma a Sakkwato maƙwabciyarku abin ya kai kashi 91 cikin ɗari.

Wannan giɓi ne ake kafa hukumomin yankuna domin a cike. An kafa ta Neja Dalta a 2000, ta Arewa Maso Gabas a 2017 saboda ɓarnar Boko Haram, sannan Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar taku a watan Yulin 2024, mai kula da Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Kebbi da Sakkwato da Zamfara.

Ina murna da kafa ta, amma ba zan ɓoye maka fargabata ba, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Lokacin da aka miƙa wa gwamnatin tarayya rahoton binciken ƙwaƙwaf kan hukumar Neja Dalta a watan Satumban 2021, an bayyana cewa ta karɓi kusan naira tiriliyan 6 tsakanin 2001 da 2019, amma ayyuka fiye da 13,000 an yi watsi da su ko kuma akwai alamar tambaya a kan yadda aka aiwatar da su. Abin da ya kashe waɗannan ayyuka sananne ne: bayar da kwangila don saka wa 'yan siyasa, da fara sabon aiki kafin a kammala na baya, da gina abin da ba a tanadi kuɗin kula da shi ba. Rijiyarku da ta tsaya, ƙila saboda rashin ƙaramin gyara, misali ce na wannan matsala ta ƙarshe. A ganina, idan hukumar ta tattara ƙarfinta kan manyan ayyukan da suka fi ƙarfin jiha ɗaya, kamar noman rani a madatsun ruwan Bakolori da Goronyo, da hanyoyin da ke haɗa jihohi, da sake tsugunar da waɗanda 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, za ta yi amfani. Idan kuwa ta ɓuge da rabon kekunan ɗinki da buhunan shinkafa, kuɗin zai ƙare ba a ga komai a ƙasa ba.

Game da ajinka, Malam, kada ka jira wannan hukuma, domin akwai kuɗin da doka ta riga ta ware masa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, kuma jiha ba ta samun tallafin gine-gine da kujeru sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta. Jihohi da dama sun sha barin wannan kuɗi a Abuja shekara da shekaru saboda sun ƙi ajiye nasu. Ku zauna da shugaban makaranta da kwamitin kula da makaranta da mai gari, ku rubuta yawan ɗalibai da adadin kujerun da ake bukata, ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku aika kwafi zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ku kuma riƙe wanda aka buga wa hatimin karɓa. Batun rijiya kuwa na kansilanku da shugaban ƙaramar hukuma ne, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.