Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar gyaran ido da leza

Ɗana, jiya da muna komawa Birnin Kebbi daga aikin da muka yi a Jega ka tambaye ni abin da zai sami mutum idan wuta ta ɗauke alhali likita yana yi masa aikin ido da leza, ko hasken zai kauce ya ƙona masa ido. Na ce ka bari sai na zauna, domin tambayar ta shafi sana'armu ta aikin lantarki fiye da yadda kake zato.

Ka fara cire wannan tsoron daga ranka. Leza ba wuƙa ba ce da za ta suɓuce daga hannu. Haske ne da na'ura ke harbawa ɗigo-ɗigo, kuma kowane ɗigo sai da lantarki yake fita. Da zarar wuta ta yanke, hasken ya tsaya ke nan. Ko da wuta tana nan ma, na'urar tana da kyamarar da ke bin motsin ƙwayar ido, kuma idan idon ya kauce fiye da kima, da kanta take dakatar da harbin.

Aikin da aka fi sani, wato LASIK, mataki biyu ne, kuma ɗaukewar wuta ba ta yi musu illa iri ɗaya. Fatar nan mai kama da gilashi da ke gaban ido kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba. A matakin farko ana kama idon da wani zobe mai tsotso, a yanko siririn marfi daga wannan fata, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. A na biyu likita ya ɗaga marfin, wata irin leza da ake kira eksaima ta kankare abin da aka lissafa daga ƙarƙashinsa, sannan a mayar da marfin. Kankarewar nan galibi ba ta kai minti ɗaya a kowane ido. Idan ta katse a tsakiya, na'urorin zamani suna riƙe da lissafin harbin da aka riga aka yi, saboda haka likita yana iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Matakin farko ne ya fi damuna. Idan tsotson ya saki alhali marfin bai gama yankuwa ba, musamman inda ake yanka da reza mai ɗan inji, sai likita ya shimfiɗa shi a mazauninsa ya fasa aikin, a jira kamar wata 3 ido ya warke kafin a sake. Ba makanta ba ce, amma wahala ce da fargaba ga mutumin da ya miƙa idonsa amana.

To, a nan namu aikin ya shigo. Janareta mai tashi da kansa yakan ɗauki daƙiƙa 10 ko kusa da haka kafin ya karɓi lodi, kuma ga harbin lezar da sau da yawa bai fi daƙiƙa 30 ko 40 ba, wannan giɓi babba ne. Shi ya sa ba a jona irin wannan na'ura kai tsaye da wutar gari. Ana sa mata na'urar riƙon wuta, irin wadda kullum ta cikinta wutar ke bi, ta mayar da ita ta batir sannan ta sake mayar da ita ta aiki, ta yadda ko an ɗauke a waje lezar ba za ta ji ko ƙiftawa ba. Kada wani ya ruɗe ka da inbatar gida don ta fi araha. Ita sai wuta ta tafi take sauya layi, kuma wannan ɗan tsaikon yana iya kashe kwamfutar na'ura. Fitilar madubin likita da famfon tsotso su ma dole su kasance a kan wannan layi. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa a kan janareta take, kuma kada ka raina ta, domin zafi da laimar ɗaki suna canza yadda eksaima ke cin fatar ido.

Abin da ya fi cin amanarmu a ƙasar nan batir ne. Irin batiran dalma da ake sa wa waɗannan na'urori an yi lissafin rayuwarsu a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba ta biyu. Ka tuna yadda garin nan yake a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Na taɓa duba na'urar riƙon wuta a wani asibiti, fitilarta kore shar tana nuna batir cike, amma da na ɗora mata lodin gwaji na yanke wutar gari, ko minti ɗaya ba ta riƙe ba. An ajiye ta ne a ɗakin da babu iska, ƙurar hunturu ta toshe fankarta. Na daɗe ban manta da ranar ba, don washegari aka shirya yi wa mutane aiki a ɗakin.

Saboda haka duk ranar da na aike ka ɗakin tiyata, kada ka tsaya ga fitila. Ka nemi izinin likita tun babu mara lafiya a ciki, ka kunna komai, ka yanke wutar gari da hannunka, ka riƙe agogo ka ga minti nawa batir ya ɗauka da daƙiƙa nawa janareta ya yi kafin ya tashi. Ka rubuta adadin da kwanan wata a littafin da ke jikin na'urar, kuma idan mintunan batir suka gaza na watan jiya, ka kira ni kafin ka bar wurin.