Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan zaman shugabannin HR a Abuja

Salam Hajiya, da farko dai ina taya ki murna, Allah ya sanya alheri ya taya ki riƙo. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, wai an ba ki shugabancin sashen kula da ma'aikata, wato HR, a kamfaninku, kuma tunda kika hau kujerar kin rasa wanda za ki yi shawara da shi, shin akwai wata ƙungiya ta manyan HR a nan Abuja da ya kamata ki shiga, kuma kuɗin da ake biya yana da amfani ko asara ce. Na ga wasu sun ce miki kawai ki shiga CIPM, wato cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta Najeriya, shikenan, to ba ƙarya suka yi ba amma maganar ta fi haka tsawo, shi ya sa na bari sai da na samu natsuwa.

Wannan kaɗaicin da kike ji ba ke kaɗai ba ce, haka kujerar take. Da kina ƙasa kina da abokan hira a ofis, ku ci abinci tare ku yi gulmar oga tare. Yanzu ke kika san albashin kowa, ke kika san wanda za a sallama wata mai zuwa alhali shi yana can yana neman bashin gyaran gida, kuma ba ki da ikon faɗa wa ko mijinki balle ƙawa. Oga ya yanke hukunci a sama, ke za ki sa hannu a takarda, zomo kuma ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ni shekarata ta farko a wannan matsayin har gaisuwar masallacin ofis sai da ta canza.

CIPM dai ki shiga in ba ki riga kin shiga ba, wannan ba abin muhawara ba ne. Tun 1968 aka kafa ta, doka ta ba ta ikon kula da wannan sana'ar a 1992, hedikwatarta na Alausa a Ikeja kuma tana da reshe a nan Abuja, wurare da yawa ma yanzu in ba ki da takardarsu ba za a kalle ki a babban matsayi ba. In kamfaninku mamba ne a NECA, ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata da ke nan tun 1957, ki dinga zuwa tarukansu don can ake fara jin iskar abin da gwamnati da 'yan ƙwadago ke ƙullawa. Masu son takardar waje suna yin SHRM ta Amurka ko CIPD ta Ingila, yana da kyau a CV, amma da dala ko fam ake biya kuma dokar ƙwadagon da za su koya miki ba tamu ba ce. Duk waɗannan na san su, wasu na biya da aljihuna. Abin da suke ba ki shi ne satifiket da lakca da tarin katunan mutane. Amma a zauren da ke da ɗaruruwan mutane, ga masu ɗaukar hoto, ga yaran da ke aiki a ƙarƙashinki zaune a layin baya, ba za ki ɗaga hannu ki ce jama'a oga na so in kori mutum ba bisa ƙa'ida ba ya zan yi. Ba mai yi.

Abin da ya riƙe ni tsawon shekarun nan wani ɗan zama ne namu mu tara, ba mu da suna ba mu da rajista ba shugaba ba ma'aji. Kowa a cikinmu shi ne na ƙarshe a sashen ma'aikata a wurin aikinsa, wato daga shi sai MD, shugaban kamfani, ko babban sakatare. Akwai ta banki, akwai na kamfanin gine-gine, akwai na asibiti mai zaman kansa, mutum biyu daga hukumomin gwamnati, wata daga ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, sai wani dattijo da ke zuwa daga Jos duk bayan wata biyu, shi ne ya san ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, ciki da bai tunda hedikwatarsu na can garinsu, shi ya fara nuna min cewa kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi da muke biya musu duk shekara ana iya dawo mana da har rabinsa in mun horar da ma'aikata kuma mun bi ƙa'idar neman amincewarsu tun kafin a yi kwas ɗin. Shekaru muna biya ba mu taɓa nema ba wallahi, ba wanda ya faɗa min a wani taro.

Bari in ba ki misali ɗaya da zai nuna miki bambancin. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, kafin sati ya zagayo kuɗin mota ya tashi, ma'aikatanmu na ƙasa kuma yawancinsu daga Mararaba da Nyanya da Kubwa da Suleja suke zuwa, wani masinja ya same ni a ofis ya ajiye min lissafi a bayan ambulan, abin da yake kashewa a mota a wata ya kusa cinye albashin, ya ce Yallaɓai gara in zauna a gida. Oga ya kira ni ranar Alhamis ya ce Litinin yana son ganin shawara a rubuce. Na sa a guruf ɗinmu, ranar Asabar da la'asar mu shida muka haɗu a wani lambu a Wuse 2, da shayi da gasasshen kifi. Kowa ya faɗi abin da yake shirin yi. Na gine-gine ya ce su bas za su ɗauko haya ta dinga kwaso mutane daga Mararaba da asuba, ta ƙungiyar agaji ta ce su sun koma kwana uku a ofis biyu a gida tunda sun saba tun kullen korona na 2020, ni kuma na ce zan ƙara wa kowa alawus ɗin sufuri kawai. Sai ta bankin ta ajiye cokali ta ce Malam ka yi lissafin fansho kuwa? Ai dokar 2014 kashi 10 na kamfani da kashi 8 na ma'aikaci a kan gundarin albashi da kuɗin gida da na sufuri ake cire su, in ka zuba ƙarin a sufuri ka ƙara wa kamfani nauyin fansho, ka kuma rage abin da zai shiga hannun masinjan naka, sannan abin da ka sa a cikin albashi ba ka isa ka cire shi gobe ba. Na san dokar sarai, amma a cikin ruɗanin ban haɗa biyun ba. Ranar Litinin abin da na kai wa oga tallafi ne na wata shida, daban da albashi, mai yawa ga na ƙasa kaɗan ga na sama, da sharaɗin za a sake dubawa. Da aka zo maganar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 a Yulin 2024 ma haka muka sake zama, don matsalar ba ta na ƙasan ba ce, matsalar wanda ke sama da shi da mataki ɗaya ne da zai wayi gari albashinsu ɗaya da yaron da yake ba umarni.

To amma kar in yi miki daɗin baki, wannan shi ne zama na biyu da na shiga, na farkon da idona na ga mutuwarsa kuma har da laifina a ciki. Mun fara mu goma sha ɗaya, sai kowa ya dinga cewa a sa wane ai mutumin kirki ne, ni ma na sa mutum biyu, kafin shekara mun haura sittin a WhatsApp. Masu kamfanin samar da ma'aikata suka shigo, masu tallan inshorar lafiya suka shigo, musamman bayan dokar 2022 da ta wajabta ta, masu shirya kwas a Dubai suka shigo, kullum sai talla da barka da Juma'a da CV ɗin ƙanin wani. Wata rana wani bawan Allah ya yi tambaya da zuciya ɗaya, kamfaninsu zai rage ma'aikata yana neman yadda zai tsara kuɗin sallama, bai ambaci suna ba amma kowa ya san inda yake aiki. Wani ya ɗauki hoton saƙon ya tura waje. Kafin kwana biyu yana hannun shugabannin ƙwadagon wurin, alhali sashe na 20 na dokar ƙwadago ya ce kamfani ne zai sanar da ƙungiyar ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, ga shi sun ji a titi. Mutumin nan da ƙyar ya tsira da aikinsa, har yau in mun haɗu gaisuwa ce sama-sama. Daga ranar ba wanda ya ƙara faɗin wani abu mai nauyi a guruf ɗin, yana nan har yanzu ana ta tura addu'o'i.

Shi ya sa da muka sake haɗuwa muka yi tsauri har wasu na cewa muna da girman kai. Ba a shigo da kowa sai duk mun yarda, mutum ɗaya ya ce a'a magana ta ƙare kuma ba sai ya faɗi dalili ba. Ba ma ɗaukar mutum biyu daga kamfanonin da ke gasa da juna, ba mai sayar mana da komai, kuma ba oga da yaronsa a zama ɗaya. Magana mai nauyi ba a rubuta ta, a guruf sai dai ka ce ina da matsala wa ke da lokaci, sauran baki da baki. Turawa suna da abin da suke kira ƙa'idar Chatham House, ka yi amfani da abin da ka ji amma kar ka ce wane ne ya faɗa, mu dai amana muke ce mata kuma tamu ta fi tasu tsanani don Abuja ƙaramin gari ne, ko ba ka faɗi suna ba ana ganewa. Sunan ma'aikaci ko takardar asibitinsa ko fayil ɗinsa ba ya zuwa zaman ko kusa, dama dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hana, kuma ko ba doka ai bai dace ba. Haka nan ba ma zama mu haɗa baki a kan nawa za a biya ko a ce kar wani ya ɗauki yaron wani, wannan zalunci ne ga ma'aikata kuma yana iya jawo wa kamfani fitina.

Wani abin kuma, ki kula kar shawarar abokai ta zame miki lauya. Kotun ƙwadago ta ƙasa (National Industrial Court) tun gyaran tsarin mulki na 2010 ta samu ƙarfi sosai, tsohon salon nan na ba mutum albashin wata ɗaya a ce ba a bukatar aikinka ba tare da dalili ba yanzu yana iya kai ki ƙasa a gabanta. Abokan zama za su gaya miki yadda ta kaya da su, wane irin rubutu ne ya cece su, amma takardar ƙarshe lauyan kamfani ne zai duba.

Kuɗi kuwa, mu ba ma biyan komai sai karo-karon abinci, wanda ya karɓi baƙunci shi ke zaɓar wuri. Akwai masu shirya irin wannan zaman da kuɗi mai kauri a manyan otal, na je sau biyu kamfani ya biya, abincin dai ba laifi. In za ki je ki fara tambaya su waye za su zauna a teburin kuma wa ya ɗauki nauyin taron, in mai ɗaukar nauyin yana da abin sayarwa to ke ce kasuwar.

Ta ina za ki fara? Ki je taron reshen CIPM sau uku ko huɗu, ba don lakcar ba, ki zauna ki lura da masu yin tambaya mai ma'ana da waɗanda ba sa yawan surutu a kan wurin aikinsu. Ki zaɓi biyu ko uku da ke matsayi irin naki a wani fannin daban, ki gayyace su shayi. Ke za ki fara buɗe ciki da wata 'yar matsala wadda ko ta fita ba za ta cutar da ke ba, ki jira wata ɗaya ki ga ko za ta dawo miki ta wata ƙofar. Kuma ki nemi mace ko da ɗaya ce wadda ta riga ki hawa irin kujerar, akwai abubuwan da matan zamanmu ke tattaunawa su kaɗai bayan mun tashi, kamar ƙorafin cin zarafi in wanda ake zargi babba ne, ko yadda ake yi da zaman da ake sawa ƙarfe tara na dare, mu maza ba ma ko tambaya.

Namu zaman ba zan iya yi miki alƙawari ba tunda kin ji yadda muke, sai na kai maganar. Amma ta bankin nan na yi mata waya ɗazu na karanta mata tambayarki, ta ce in kina so ki turo min lambarki ta akwati in ba ta, ita za ta kira ki bayan ƙarshen wata in sun gama biyan albashi.