Wata 8 ina ganin jini a bayan gida, basir ne?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 52. Wata 8 ke nan ina ganin jini in na yi bayan gida, wani lokaci a cakuɗe da shi. Na sha maganin basir iri-iri, ba sauƙi, ga rama. Kuma an ce in aka yi mini tiyata zan rasa ƙarfin mazakuta. Me zan yi?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Zancen rasa mazakuta jita-jita ce: naman da ake cirewa a bakin dubura daban, jijiyoyin mazakuta daban. Yawancin masu basir ma ba sa kaiwa ga wuƙa. A mataki na 1 da na 2, wato tun basir ɗin bai yi nisa ba, kayan lambu, ruwa da daina yunƙuri kan wadatar. In ya ƙi, a ɗaure shi da zoben roba, ya bushe ya faɗi cikin kamar mako guda.

Amma tsaya. Wa ya duba ka ya ce basir ne?

Wannan shi ne abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Mutum ya ga jini, ya yanke wa kansa hukunci, ya nufi mai tallan magani wanda bai taɓa sa safar hannu ya duba kowa ba. A ba shi abin da zai tsuge shi, a ce ai ciwon ne yake fita. Sai bayan shekara ya shigo mana da leda cike da kwalabe, wando yana zamewa daga ƙugu, ka ja fatar idonsa ka tarar fari fat. Jinin basir ja ne jawur, yakan ɗiga bayan an gama, ko a gan shi wajen tsarki. Jinin da ya cakuɗe da bayan gida, ko ya yi duhu, ga rama, ga sauyin yanayin fitar bayan gida, wannan sai an tabbatar ba sankarar hanji ba ce. Basir ba ya rikiɗa ya zama sankara, amma mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun, basir ɗin ya sha zargi, sankarar tana ta girma a ɓoye. A Amurka tun daga shekara 45 ake fara binciken hanji, ko babu wata alama. Kai kana da 52, ga alamu biyu.

Ban ce sankara gare ka ba. Ka ajiye kwalaben nan, ka ga likita cikin makon nan, a gwada yawan jininka, a duba ka da yatsa, sannan a yi maka kolonoskofi, wato a leƙa hanjin da siririn bututu mai kyamara.