Sifika, katin sauti da wufa: da wanne zan fara a ƙaramin ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur a ɗakin da nake haya, faɗinsa ƙafa 10, tsawonsa ƙafa 12, ƙasa tayil, bango siminti. Ina kallon fina-finai, ina sauraron karatu da waƙoƙi, wani lokaci kuma ina ɗan gyaran bidiyo. 'Yan sifikun da nake da su muryarsu kamar ta rediyo mai batir, ga wani ƙugi da suke yi ko ba a kunna komai ba. Wani ya ce in sayi katin sauti, wani ya ce wufa ce maganin abin, a kasuwa kuma an nuna mini wata mai wat 3,000. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da sifiku biyu masu kyau, ka ajiye su daidai, ka zauna da su sati biyu, sannan a zo maganar sauran. A ɗaki irin naka wufa, wato akwatin da ke fitar da bes kaɗai, sauti mai kauri, ita ce ta ƙarshe a layi, katin sauti kuwa, wato na'urar da ke fitar da sauti daga kwamfuta zuwa sifika, wataƙila ma ba za ka buƙace shi ba.

Bari mu fara sallamar mai wat 3,000. Wannan lamba da ake rangaɗawa a jikin kwali da manyan haruffa, yawanci kusa da ita za ka ga an rubuta PMPO, kuma babu wata ƙa'ida ɗaya da kamfanoni ke bi wajen auna ta. Lambar da ake kamawa ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore. Juya akwatin ka duba 'yar takardar da ke bayansa, inda aka rubuta wutar da yake ja daga soket. In yana jan wat 30, ai ka ga babu inda zai samo 3,000 ya ba ka. Kuma kai da za ka zauna kamar mita ɗaya daga sifika, ɗan kaɗan ya ishe ka. Ƙaramar sifika ta yau da kullum tana ba da ƙara wajen desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti) da wat ɗaya tak a wannan nisa, kuma desibel 85 ɗin shi ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka yanke wa kunne na awa 8 a rana. Ninka wat ɗin sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Wat 15 zuwa 25 na RMS a kowace sifika sun yi maka, har da rara.

Abin da zai sauya maka sauti shi ne girman faifan da ke kaɗawa a cikin sifikar da kuma akwatin da aka sa shi. Nemi masu amfilifaya a cikinsu, waɗanda za ka jona wuta ka jona kwamfuta shi ke nan, masu faifan inci 4 ko 5 da kuma ɗan ƙaramin faifai a sama mai fitar da siririn sauti. Misali, Edifier R1280T inci 4 ce, wat 42 na RMS duka biyun a haɗe, kuma 'yar'uwarta R1280Ts tana da ramin jona wufa in ka so ƙarawa daga baya. PreSonus Eris E3.5 ta fi ƙanƙanta, ta dace da matsattsen tebur, amma bes ɗinta yana tsayawa wajen Hz 80 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya, ƙaramar lamba tana nufin sauti mai kauri). In gyaran bidiyon zai zama sana'a, JBL 305P MkII mai inci 5 tana sauka har wajen Hz 50, sai dai kowace ɗaya tana son nata soket, kuma ta fi jin daɗin aiki da akwatin sauti na USB, wato katin sauti na waje da ake jonawa a kwamfuta. Fiye da inci 5 a ɗakin ƙafa 10 da 12, kuɗi ne za ka kashe ka sayo wa kanka matsala. In ka je saye, ƙwanƙwasa gefen akwatin da bayan yatsa. In ya ce "tuk" ya yi shiru, madalla. In ya amsa kamar galan ɗin da ba komai ciki, haka zai riƙa raka kowace waƙa. Ka tafi da karatu ko waƙar da kunnenka ya saba da ita a waya, a sa maka a hankali. A kwaramniyar kasuwa, da ƙara a ƙure, kowace sifika gwana ce.

Yanzu ga dalilin da ya sa wufa ta koma baya. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin kowane bango biyu masu kallon juna akwai wani amo da ɗakin da kansa ke kumburawa. Lissafin ba wuya: raba 343 da ninki biyu na tazarar bangon a mita. Tsawon ɗakinka ƙafa 12, wato mita 3.66, ya ba da kusan Hz 47. Faɗinsa ƙafa 10, mita 3.05, ya ba da kusan Hz 56. Daidai nan kuma wufa ke aikinta. Bangon siminti ba ya shan bes, mayar da shi yake yi, don haka a jikin bango da kusurwa waɗannan amon biyu za su yi ta gunji su danne komai, a tsakiyar ɗaki kuwa sai su ɓace kamar an zare waya. Mutum ya zauna a tsakiya, ya ji babu bes, ya ƙara murɗawa, shi bai ji ba, maƙwabcin da suka haɗa bango kuwa kwanukansa na rawa. A gidan haya wannan kaɗai ya isa dalili.

Akwai kuma matsalar 'yan saitin nan masu araha, wufa ɗaya da ƙananan sifiku biyu masu faifan inci 2 ko 3. Ƙananan ba sa iya sauka ƙasa da Hz 150 ko ma 200, sai a ɗora wa wufar sauran aikin. To kaurin muryar namiji yana tsakanin Hz 85 da 155 ne, ka ga ke nan rabin muryar mai karatu zai riƙa fitowa daga ƙarƙashin tebur, kusa da ƙafarka. Ga mai gyaran bidiyo wannan ya fi muni, domin zai rage bes ɗin da ɗakinsa ne ya ƙirƙiro, a wayar wani kuma a ji aikin ya fito fayau ba nauyi.

In bayan sati biyun ka ji fina-finai na neman ƙarin rugugi, sayi wufa mai inci 8, kada ka wuce haka, kuma lallai ta zo da mamurɗi na ƙara, da na iyakar amo, wato amon da wufar ba za ta haura ba, da makunnin da aka rubuta 0 da 180, mai daidaita bugunta da na sifiku. Sa iyakar amon a Hz 80, ko ka ɗan ɗaga zuwa 100 in sifikunka ƙanana ne. Wajen nema mata mazauni, ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka sa waƙa mai bes a jere, ka durƙusa ka bi gindin bangon gaba da na gefe kana saurare. Inda ka ji kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa, babu wanda ya kumbura, nan ne gurbinta. Kusurwa tana ƙara ƙarfi, amma a ɗakin siminti gunjin take ƙarawa. Gwada 0 da 180 daga kujerarka, ka bar shi a wanda bes ya fi cika. Daga nan ka yi ta rage ƙararta har sai ka daina gane daga ina take, amma in an kashe ta ka ji an rasa wani abu. Shimfiɗa mata roba mai kauri ko soso a ƙasa saboda tayil.

Ajiye sifikun su ma yana da ƙa'ida, kuma kyauta ne. Tebur ya jingina da gajeren bango, a tsakiyarsa. Tazarar sifikun biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kanka, kamar santimita 80 zuwa mita ɗaya, ka ɗan karkato su su dube ka, ƙaramin faifan sama ya yi daidai da kunnenka ko da littattafai za ka tara a ƙarƙashi. In ramin iskarsu a baya yake, bar aƙalla taƙi ɗaya tsakaninsu da bango. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin: in ka ji wani "tirrr" ya biyo baya, tayil da bango ne ke wasan ƙwallo da sautin. Kafet, labule mai nauyi, katifa da kantar littattafai suna kashe wannan. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya taɓa bes ko kaɗan, domin tsawon igiyar sauti ɗaya ta amon Hz 50 ya kusa mita 7, kwali kuwa ko inci ɗaya bai kai kauri ba. Gidan kyankyasai kawai zai zama.

Saura ƙugin nan, wanda shi ya jawo maganar katin sauti. Kwamfutarka tana da nata a jikin babban allonta, yawanci na Realtek, kuma a kwamfutocin zamanin nan ya wadatar wa sauraro. Kafin ka zarge shi, yi gwaji. Zare wayar sautin daga kwamfutar ka jona a wayar salula. In ƙugin bai tafi ba, laifin na sifikar ne ko na wutar da take sha, sabon kati ba zai yi komai ba. Inbata mai araha da ba ta ba da tsaftatacciyar wuta, da ƙaramin janareta, duk suna sa taransifomar sifika kuka. In kuwa ya tafi, duba ko a ramin gaban kwamfuta ka jona, ka mayar da ita koren rami na baya, domin wayar da ke zuwa gaba tana ratsa cikin akwati tana kwasar hayaniya. Ƙugi mai kauri da ba ya sauyawa na Hz 50 ne, wato bugun wutar NEPA, kuma yakan zo in kwamfuta da sifika suna kan soket daban-daban. Haɗa su a kan ekstenshan ɗaya, ka raba wayar sauti da wayoyin wuta. Kada ka yarda wani ya karya maka dogon ƙarfen filogi na uku wai don ƙugi ya tafi, shi ne ke kare ka in wuta ta zubo a jikin akwati.

Tsuwar da ke tashi in ka motsa linzami ko ka buɗe bidiyo mai nauyi, ita ce ta cikin kwamfuta, kuma nan ne sayen wani abu ke da amfani. Ɗan ƙaramin DAC na USB, wato na'urar da ke mayar da bayanan kwamfuta sauti daga wajen akwati, ya fi katin da ake sokawa a ciki, tunda yana fitar da aikin daga cikin hayaniyar. In USB ɗin ma ya ɗauko ƙugin, wayar haske ta TOSLINK tana yanke shi gaba ɗaya, muddin kwamfutar da sifikar duk suna da raminta, saboda babu ƙarfe a cikinta da wuta za ta bi. Wanda zai ɗauki murya da makirfo irin na situdiyo, shi ne mai buƙatar akwati kamar Focusrite Scarlett ko Behringer UMC22, masu ramin XLR na jona makirfo da wutar bolt 48 da irin wannan makirfo ke buƙata. Bluetooth kuwa ka bar wa waya, jinkirin da yake kawowa ya isa ya raba baki da murya a lokacin gyaran bidiyo.

In kayan hannu za ka saya, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, karanta bayan akwatin kafin a jona. Wanda aka rubuta 120V kaɗai zai ƙone nan take a wutarmu ta 230, sai da taransifomar rage wuta. Mai 100 zuwa 240V ba shi da wannan matsala. Ka ware wani abu a cikin kuɗin don sitabilaiza ko ekstenshan mai kariya daga tsallen wuta, kuma ka saba da kunna sifiku a ƙarshe, ka kashe su a farko, domin "ɗum" ɗin da kwamfuta ke aikowa lokacin tashi, ko lokacin da aka juya daga NEPA zuwa janareta, yana iya lalata ƙaramin faifan sama.